Sa Hannun Mama Stefania

Ludwik Wrona yana da shekara arba'in da shida lokacin da hukumar lafiya ta nemi ya kawo mata shaidar cewa ya taɓa zama yaro.

Kafin nan dangi sun daɗe da gama yanke masa hukunci, ba tare da an wahalar da wani likita ba. A hoton ranar aurensa, shi ne wanda ya juya ƙeya yana kallon wani kare da ya ratso harabar coci. A hoton baftismar ɗan yayarsa kuwa babu shi sam, domin an aike shi ɗauko kek, ya dawo bayan an watse da tsohuwar rediyo a hammata, wai an sayar masa da araha. Wuraren aiki goma sha ɗaya ya zaga, kuma babu inda aka sallame shi don bai iya ba. Hannunsa yana da kyau. Duk garin babu injin wanki ko tukunyar ɗumama gida da ta taɓa gagarar sa. Sai dai ya gyara maka, ya bar akwatin kayan aikinsa a falonka, ya tafi da makullin gidanka a aljihu.

Gidansa kuma wurin yawon buɗe ido ne. Banɗaki rabi tayil rabi siminti tun shekarar 2011. Amya biyu a bayan gida, ba a taɓa ganin ƙudan zuma ko ɗaya a ciki ba. Kwalekwale a gareji, komai ya kammala sai gindi. Matarsa Renata, wadda ke dafa wa yara ɗari da ashirin abinci kullum a makarantar renon yara ba ta taɓa mance gishiri ba, ita ce ta zauna cikin wannan baje koli shekara goma sha tara.

Ita ce ta fara jin labarin a rediyo, tana feraye dankali. Wata likita ce ke lissafa alamun wata larura da ake kira da haruffa huɗu, ADHD: hankali ba ya tsayawa wuri guda, a fara aiki goma ba a gama ɗaya ba, a manta alƙawari, a yi magana kafin a yi tunani. Ta ce ba yara kaɗai ba, har manya, kuma akwai magani. Renata ta ajiye wuƙa ta ce a ranta, wannan mata ko dai ta taɓa auren Ludwik ne.

Daga nan aka shiga layi.

Duk wanda ya tsara yadda ake samun ganin likitan ƙwaƙwalwa a asibitin babban garinmu, ya cancanci a ba shi lambar yabo. Ana rubuta suna ta waya ne, ranar aiki ta farko a kowane wata, daga ƙarfe bakwai na safe zuwa lokacin da guraben suka ƙare, wato bakwai da minti goma. In ka dace, a ba ka rana nan da shekara da wani abu. Saura kwana bakwai cif ka sake bugowa ka tabbatar kana nan da rai kuma za ka zo. In ba ka bugo ba, a soke sunanka. Wannan duka an tanade shi ne musamman domin masu mantuwa.

Wata huɗu Ludwik yana kuskure ranar farko ta wata. A na biyar Renata ta zauna a kansa har layin ya shiga. Aka ba shi rana bayan wata goma sha huɗu. Ya tuna ya bugo ya tabbatar, abin da har yau ake ambata a dangi kamar wata mu'ujiza. Sannan ya je ranar Alhamis, da wanka da aski, takalmi na ƙyalli.

Matar da ke zaune bayan gilashi ta duba kwamfuta, ta dube shi.

"Laraba ce ranarka, malam. Jiya."

"To ai ga ni na zo."

"Na gan ka. Jiya ma mun so ganin ka."

"Baiwar Allah, don wannan mantuwar fa nake neman likitan!"

"Sai ka gaya masa in ka gan shi. Ranar farko ta wata, ƙarfe bakwai. Na gaba!"

Karo na biyu wata goma sha bakwai aka ba shi. Ashirin da biyu ga Oktoba.

Saura wata biyu ranar ta zo, Renata ta gayyaci iyayenta cin abinci don cikar shekarun aurensu. Ta dafa komai tun safe. Abu guda ta roƙe shi kafin ta tafi tarbo su a tasha: ya ɗora tukunyar kabeji da nama a ƙaramar wuta, ya sauka ɗakin ƙasa ya ɗauko kwalbar kokwamba mai tsami. Ya ɗora tukunya. Ya sauka. Ƙofar ɗakin ƙasan ta yi wata 'yar ƙara da ba ta yi masa daɗi ba, sai ya cire ta gaba ɗaya ya kwantar a ƙasa, ya shiga fere gefenta. Yana cikin wannan aikin alheri ya ji jiniyar 'yan kwana-kwana, har ya tausaya wa waɗanda abin ya shafa.

Renata ba ta yi ihu ba. Ta tsaya a tsakiyar kicin, bango baƙi ƙirin, labule ya narke, ruwa har idon sawu. Washegari ta haɗa akwati ɗaya ta koma gidan ƙanwarta.

A bakin ƙofa ta kira shi da sunansa na gida, ta ce, "Ka je ka ga likitan nan, Ludek. In cuta ce, zan dawo mu yi jinya tare. In kuwa hali ne, in kawai ban kai matsayin da za ka riƙa tunawa da ni ba ne, to ka zauna da halinka. Na gaji da tambayar kaina."

Sai ya zamana auren shekara goma sha tara ya rataya a kan ashirin da biyu ga Oktoba. Ludwik ya rubuta ranar a jikin firji, a madubin banɗaki, a gilashin mota, har a bayan hannunsa. Ya saita ƙararrawa tara a waya. A takardar da asibiti ta aiko an ce ya zo da takardun makarantar firamare, ko da wani babba da ya san shi tun yana ƙarami. Takardun makaranta dai ya taɓa ajiye su a wani wuri mai kyau inda ba za su ɓata ba, kuma har yau suna can. Saura babba. Ya ɗauki mahaifiyarsa.

Mama Stefania, shekara saba'in da uku, ta yi ritaya daga masana'antar sukari, ta shirya wa wannan tafiya kamar za ta ga bishop. Ta je an gyara mata gashi. Ta sa kwat ɗin zuwa coci. Ta sayi kwalin cakulan, domin ba a zuwa gaban likita hannu rabbana. Da suka iso ta ga allon da ke bakin ƙofa an rubuta lafiyar ƙwaƙwalwa, sai ta waiga dama ta waiga hagu, ko akwai wanda ya san ta, ta faɗa ciki da sauri.

Likita Oleszko matashiya ce, idonta duk gajiya. Ta yi wa Ludwik tambayoyi na kusan awa guda, tana ta kaɗa kai tana rubutu. Cikin wannan lokaci ya ba ta labarin kwalekwale, ya manta tambaya biyu, ya kuma miƙe ya gyara mata fitilar tebur da ke lilo.

"Malam Wrona, abin da nake gani yanzu a fili yake," in ji ta. "Amma ƙa'ida ta ce sai an nuna abin ya fara tun kafin shekara goma sha biyu. Mama, bismillah. Yaya yake yana yaro?"

Mama Stefania ta gyara zama, ta ɗora jaka a cinya.

"Wa? Ludek? Mala'ika, likita."

"Yana iya zama wuri guda?"

"Kamar an dasa shi."

"Yana yawan ɓatar da kaya?"

"Ko maɓallin riga bai taɓa yarwa ba."

"Mama!" in ji Ludwik.

"Yi shiru, manya na magana."

Likita ta ce, "Malamai fa? Ba sa kawo ƙorafi?"

Nan Mama ta ɗaga kai, don wannan karon gaskiya tsantsa za ta faɗa. "Shekara takwas ya yi a firamare, ko layi ɗaya ba a taɓa aiko min ba. Ko sau ɗaya ba a kira ni makaranta ba. Ɗan maƙwabciyata kullum uwarsa na hanya. Kuma ki rubuta, a danginmu babu mai taɓin hankali, daga ɓangarena dai. Ga 'yar alewa, ba yawa."

Likita ta tura cakulan gefe, ta rufe biro. Ta ce da irin wannan shaida ba za ta iya rubuta komai ba. Akwai wani da ya fasa zuwa ranar goma sha biyu ga Nuwamba, za ta ba shi gurbin. In ya kawo wani abu a rubuce daga wancan zamani, to. In babu, za ta rufe fayil, sai ya koma ranar farko ta wata, ƙarfe bakwai.

A tashar bas Ludwik ya kasa haƙuri.

"Mama, jakar makaranta uku na yar! Na faɗo daga rufin ɗakin kaji sau biyu! Ke da kanki kika ɗaure min makulli a wuya, na yar da shi har da igiyar!"

"Wannan maganar gida ce. Ana kai irin wannan gaban likita? So kake a rubuta a takardar gwamnati cewa ban iya tarbiyya ba?"

"Don shi fa na kawo ki!"

"Ka kawo ni in tsaya maka, na kuma tsaya maka. Ko godiya babu. Batun makaranta kuwa ai ka ji, babu ƙarya a ciki."

Ludwik ya san dalilin da ya sa ba a taɓa aiko mata ko layi ɗaya ba.

A zamaninsu kowane ɗan firamare yana yawo da wani ɗan littafi a jaka, na saƙo tsakanin malami da iyaye. In ka yi laifi, malama ta rubuta da jan biro, ka kai gida a sa hannu, ka dawo da shi gobe. Kiran taron iyaye ma a ciki ake rubutawa. A gidan su Wrona kuwa, bayan ƙofar kicin, akwai ƙusa, a jikin ƙusar akwai bel ɗin soja na mahaifinsu, kuma ba don ado aka rataye shi ba. Ranar da Ludwik ya kawo jan rubutunsa na farko, yana ɗan shekara bakwai, Mama tana wurin aiki, Baba bai dawo ba. Yayarsa Danuta, 'yar shekara goma sha ɗaya, ta karanta, ta dubi ƙusa, ta dubi ƙaninta. Ta ɗauko wata tsohuwar wasiƙar Mama ta yi gwaji sau ashirin a bayan kwalin madara. Sannan ta sa hannu. Ta sa shi ya dafa kan kyanwarsu ya rantse ba zai taɓa faɗa wa kowa ba, ba zai ma sake tayar mata da maganar ba, har abada.

Kyanwar ta mutu tun 1989. Baba ya bi ta bayan shekara goma sha biyu. Danuta ta girma ta zama babbar ma'aikaciya a ofishin ƙaramar hukuma, inda aikinta shi ne ta dubi sa hannun mutane ta saman tabarau ta ce bai yi kama ba. Shi kuwa mutumin da bai taɓa riƙe makulli na sati guda ba, ya riƙe wannan rantsuwa shekara talatin da tara, kuma bai ga alamar zai sake ta ba ko da za ta ci aurensa. Littattafan ma, a zatonsa, sun daɗe da shiga murhu.

Ɗaya ga Nuwamba, ranar kunna wa mamata kyandir, dangi suka haɗu a kabarin Baba kamar kowace shekara. Sanyi na cizo, maƙabarta cike, kowa ya sa sabon kwat yana duba na wani. Ludwik ne aka ba alhakin zuwa da ashana, saboda haka aka ara a kabarin maƙwabta.

"Sarkin tanadi," in ji Danuta, tana jera furanni. "Ina Renata? Har yau fushin ne?"

Mama ta riga shi. "Ƙyale ta, za ta huce. Ai na je na wanke shi tas gaban likita. Na ce shekara takwas, ko layi ɗaya ba a aiko min ba. Bakin yarinyar ya mutu."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai ta ce za ta rufe fayil," in ji Ludwik, idonsa a kan kyandir. "In ba wata shaida a rubuce kafin sha biyu ga wata. Renata kuma ta ce in ba cuta ba ce, to hali ne." Ya ɗaga kafaɗa. "Wataƙila halin ne, Yaya."

Danuta ta daina jera furanni. Ta dube shi.

"Kai, sakarai. Ba ka gaya wa likitar ba?"

"Na rantse."

"A kan kyanwa!"

"Rantsuwa dai ce."

"Me ake rantsewa a kan kyanwa?" in ji Mama.

Danuta ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa, ta gyara tabarau. Ta dubi sunan Baba a jikin dutse, kamar tana tabbatarwa yana nan kwance.

"Mama, an aiko miki. Sau ɗari biyu da goma sha huɗu aka aiko miki. Kin kuma sa hannu a kan kowanne. Taron iyaye sha shida, duk kin ba da uzurin aiki, a rubuce."

"Ni? Yaushe?"

"Ni ce ke."

Matar kabarin maƙwabta, wadda ta ba da aron ashana, ta matso kusa tana goge wani dutse da ba na danginta ba. Mama Stefania ta zauna a kan ɗan bencin gefen kabari. Tana ta buɗe jaka tana rufewa.

"Shekara takwas ina alfahari a layin burodi," ta ce a hankali.

"Da kin gani, da Baba ya gani. Kin san ƙusar nan."

Mama ba ta ce ba ta sani ba. Sai ta ce, "Littattafan suna ina?"

"Cikin akwatin tsohon keken ɗinki. Na ji tsoron zubarwa kada a tsinta, daga baya kuma na ji tausayin su."

Ranar goma sha biyu ga wata su uku suka je, mata biyun sun sa shi a tsakiya kamar wanda za a kai kotu. Danuta ta zube littattafai takwas a teburin likita, ɗaure da igiyar takalmi. Likita Oleszko ta buɗe na farko ta fara karantawa a fili.

"Ya tashi ana tsakiyar darasi ya tafi taga kallon masu gyaran rufi. Ya zo da jaka babu littafi ko ɗaya, sai kan famfo. Ya amsa tambayar da ba a gama yi ba, kuma daidai, abin da ya fi ban haushi. Ya kwance kujerarsa, ya ce ƙara take yi." Ta ɗaga kai. "Mama, wannan ne mala'ikan?"

"Shi ne," in ji Mama. "Ki ƙara da jaka uku da ɗakin kaji. Ki rubuta, na yarda." Ta leƙa shafin, ta taɓe baki. "Kuma ni ban taɓa yi wa sunana wannan wutsiyar ba."

Likita ta rubuta haruffan nan huɗu, ta buga hatimi. Magani kuwa sai an yi gwajin zuciya, wanda yake da nasa layin, watan Fabrairu, a bugo saura kwana bakwai. Wannan karon mutum uku suka fito da biro.

Sha biyu ga Nuwambar nan ta zo daidai da ranar sunan Renata a kalandar coci, ranar da ake kai wa duk mace mai sunan furanni. Ludwik ya tuna, ya saya, ya bar su a kujerar bas. Ya hau bene hawa huɗu zuwa gidan ƙanwarta da takarda a hannu ɗaya, littattafai a ɗayan. Renata ta buɗe ƙofa, ba ta ce ya shigo ba. Ta karanta takardar likita a tsaye, ta ninke.

"Waɗancan kuma fa?"

"Shaidu ne."

Ta zaro ɗaya daga tsakiya, na aji huɗu. Ta karanta shafi ɗaya, ta juya. Ta zauna a kan matakala. A wani wuri dariya ta kuɓuce mata, ta rufe baki. Sai ta iso wani layi ta karanta shi a fili: an aike shi ofis ɗauko alli, bayan awa guda aka same shi yana gyara ƙofar ɗakin ajiyar gawayi.

Ta daɗe tana kallon jan rubutun, da sa hannun ƙarya a ƙarƙashinsa mai doguwar wutsiya.

"Ashe ba da ni ka fara ba," ta ce.

"Ban taɓa manta ki ba, Renia. Tukunyar na manta."

"Rufe min baki, kada ka ɓata." Ta share ido da bayan hannu, ta miƙe. "Ina furannina?"

"Suna hanyar zuwa tashar ƙarshe."

Ta shiga ciki, ya ji tana jan akwati daga ƙarƙashin gado. Ta fito ta miƙa masa, sannan ta sake tunani ta karɓe abinta, ta ce shi ya riƙe ƙofa kawai, kuma kada ya saurari ƙarar da ƙofar take yi.

Maganin ya samu a watan Maris. Bai mai da shi wani mutum daban ba. An yi wa kicin fenti, bango uku na banɗaki sun samu tayil, kwalekwale na nan yadda yake. Littattafan kuwa Mama Stefania ta karɓe su ta tafi da su gida. Duk tsawon lokacin sanyin nan, bayan ta sha shayin safe, sai ta sa tabarau ta karanta ƙorafi biyu ko uku, ta yi tsaki, ta sa hannunta na gaskiya a ƙarƙashin na Danuta. Ta gama na ɗari biyu da goma sha huɗu ana saura sati guda Ista, ta bugo wa Ludwik waya ta ce ya zo, akwai maganar kan famfo da take so su yi.